Arthurdale: Ƙauyen Gama Kai da Gwamnati Ta Gina wa Masu Haƙar Kwal

A watan Yunin 1934 iyalai 50 suka fara tarewa a wasu fararen gidajen katako da aka warwatsa a kan tudun gundumar Preston, cikin jihar Bajiniya ta Yamma a ƙasar Amurka. Kowane gida da 'yar gonarsa, da akurkin kaji, da garke, da wani ɗaki da aka haƙa a cikin ƙasa don ajiyar dankali da kayan lambu. A cikin gidan akwai wutar lantarki, akwai famfo, akwai banɗaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a lokacin, domin kusan gida ɗaya cikin goma ne kawai na manoman Amurka ke da lantarki. Waɗanda aka miƙa wa makullan kuwa ba masu hali ba ne, leburorin haƙar kwal ne da suka shekara da shekaru ba su ga albashin kirki ba.

Sunan wurin Arthurdale. Shi ne na fari cikin ƙauyuka kusan 100 da gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta gina a ƙarƙashin shirin nan na farfaɗo da tattalin arziki da ake kira New Deal. Shi ne kuma wanda ya fi shan yabo da zagi. Har yau idan masana tarihi suka zauna a kansa, sai ka ji wani ya ce asarar dukiyar jama'a ce, wani ya ce ceton rai ne. Kowannensu yana da hujja a hannu, shi ya sa labarin ya cancanci a bi shi daki-daki.

Kwarin da aka baro

Kafin a fahimci Arthurdale sai an leƙa Scotts Run, wani tsukukun kwari mai tsawon kilomita 8 a gefen garin Morgantown. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar kwal ta buɗe, kamfanoni suka yi wa kwarin caa, ramukan haƙa suka yi yawa, ƙauyuka irin su Osage da Jere da Pursglove suka tsiro a jere a bakin rafi. Mutane suka kwararo neman aiki: Turawan tsaunukan yankin, baƙar fata daga kudancin Amurka, da baƙi daga Italiya, Hangari, Folan, Rasha da sauran ƙasashen Turai. Gidan da lebura ke kwana na kamfani ne. Kantin da yake sayen gari na kamfani ne. Sau da yawa ma ba kuɗin gwamnati ake biyansa da su ba, wasu kwabbai ne da takardun kamfani da ba sa sayen komai sai a kantin kamfanin. Ranar da aiki ya tsaya, komai ya tsaya.

Kuma aikin ya tsaya. Tun tsakiyar shekarun 1920 farashin kwal ya faɗi, aka shiga yajin aiki iri-iri, kamfanoni suka riƙa rufewa. Da babbar karayar tattalin arziki ta 1929 ta zo, sai ta tarar da mutanen Scotts Run tuni suna ƙasa. Zuwa 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki, amma a wannan kwari lamarin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Wata 'yar jarida mai suna Lorena Hickok, wadda gwamnati ta tura ta zaga ƙasa ta kawo rahoto, ta bayyana cewa ba ta ga wuri mai munin wannan ba. Ruwan da ke bin kwata a gefen hanya shi ake sha, shi ake wanki da shi, yara kuma a kan tsummokara suke kwana.

Rahoton Hickok ne ya jawo ƙawarta Eleanor Roosevelt, uwargidan shugaban ƙasa, ta tuƙo mota ta zo a watan Agustan 1933. Ma'aikatan agaji na ɗariƙar Kiristoci ta Kwaka, waɗanda tuni suke ciyar da yara a kwarin, su suka zaga da ita gida-gida, galibin mutane ba su ma san ko wace ce ba. Akwai abin da ta gani wanda ta yi ta ba da labarinsa har ƙarshen rayuwarta. A wani gida ta tarar da ƙaramin yaro rungume da farin zomonsa. Yayarsa, ita ma ramammiya, ta dubi baƙuwar ta gaya mata cewa ƙanen nata yana tsammanin ba za a yanka zomon ba, alhali kuwa yanka shi za a yi. Yaron ya ƙanƙame zomon ya ruga da gudu.

Dama akwai kuɗi a ajiye. Dokar farfaɗo da masana'antu ta watan Yunin 1933 ta ware dala miliyan 25 don tsugunar da marasa aiki a ƙananan gonaki, aka ɗora aikin a kan Ma'aikatar Cikin Gida ta Harold Ickes, aka naɗa wani masanin noma, M. L. Wilson, ya jagoranta. Tunanin shi ne: a ba iyali gida da gonar da za ta ciyar da su, a kawo masana'anta kusa inda maigida zai yi aiki na wani ɓangaren shekara ya sami kuɗin kashewa, sauran harkoki kuma, kanti da kiwo da sana'a, a yi su a ƙungiyar gama kai. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta sayi gonar wani attajiri, Richard Arthur, mai faɗin eka kusan 1,200 a kusa da Reedsville. Daga sunansa ƙauyen ya samo nasa.

Sauri ya haifi nawa

Louis Howe, babban na hannun daman shugaban ƙasa, ya ci alwashin iyalai za su yi bikin Kirsimeti a sababbin gidaje. Sai ya ɗaga waya ya yi odar gidaje 50 na haɗawa daga kamfanin Hodgson. Gidajen na shan iska ne, irin waɗanda ake kafawa a bakin teku lokacin zafi, ba su da ƙarfin jure sanyin tudun Preston inda ƙanƙara ke zuba watanni. Da suka iso kuma sai aka ga ba su zauna daidai a kan harsashin da aka riga aka zuba ba. Dole aka ɗauko wani mai zanen gini, Eric Gugler, aka yi ta yanka ana ƙari, ana toshe kafofin iska. Kirsimeti ta wuce, hunturu ya wuce, kuɗin kowane gida ya ninka.

Ga kuma gardamar famfo da firji. Ickes yana ganin mutumin da ya fito daga bukkar kamfani ba ya buƙatar banɗaki a cikin ɗaki, kuma idan aka yi wa waɗannan, me za a ce wa miliyoyin masu biyan haraji da ba su da shi? Eleanor ta kafe a kan cewa idan gwamnati za ta gina wa talaka gida, to ta gina wanda mutum zai zauna a ciki da mutuncinsa. Ita ta yi nasara, kuma a ganina gaskiya tana wajenta. Matar da ta shekara goma tana ɗibar ruwan kwata ta fi kowane minista sanin abin da famfo yake nufi ga lafiyar 'ya'yanta.

Amma jaridu sun sami abin faɗa. A watan Agustan 1934 mujallar Saturday Evening Post ta fito da dogon rahoto a kan ɓarnar kuɗin da aka yi. Wani sanata, Thomas Schall, ya kira wurin sansanin kwaminisanci. Masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa ranar Lahadi suna leƙen tagogin mutane. Duk da haka gini bai tsaya ba: aka ƙara gidaje 75 masu bene a 1935, sannan wasu 40 da aka yi wa ado da dutsen yankin, aka kammala a 1937. Jimilla gidaje 165, kowanne a kan eka 2 zuwa 5.

Waɗanda aka bari a baya

Akwai tabon da ba ya gogewa a wannan labari. Ɗaruruwan iyalai suka nemi gurbi. Kwamitin da ke da alaƙa da Jami'ar Bajiniya ta Yamma ya yi ta tantance su, ana duba lafiyar jiki, ana tambayar mutum abin da ya sani game da shuka da kiwo, ana bincikar halinsa. Da aka fitar da sunaye, babu baƙar fata ko ɗaya, babu kuma baƙon da aka haifa a wata ƙasa. Alhali su ne mafi yawan mutanen Scotts Run, su ne kuma yunwa ta fi yi wa illa.

Eleanor ta nemi a sake dubawa. Waɗanda aka riga aka zaɓa suka ƙi, suka kafa hujja da cewa dokar jiha ta hana haɗa yara farare da baƙaƙe a makaranta ɗaya, don haka sai an gina makarantu biyu. Abin ciwo ne a ce mutanen da suka shiga rami ɗaya, suka yi yajin aiki tare, suka bi layin abincin agaji ɗaya, da ɗayansu ya sami tudun dafawa sai ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa. Gwamnati kuma ta bar su a kan haka. A farkon 1934 Eleanor ta gayyaci shugabannin baƙar fata, cikinsu har da Walter White, zuwa fadar shugaban ƙasa don tattauna wariyar da ake yi a shirye-shiryen gwamnati, daga baya kuma aka gina Aberdeen Gardens a jihar Bajiniya domin iyalan baƙar fata. Wannan bai dawo da gurbin iyalan Osage da Jere ba. Yawancinsu a kwarin suka ci gaba da zama.

Makaranta da sana'a

Idan akwai inda Arthurdale ya haska, to makarantarsa ce. Aka ɗauko Elsie Ripley Clapp, almajirar masanin ilimi John Dewey, ta riƙe ta daga 1934 zuwa 1936. Ra'ayinta shi ne yaro ya koyi karatu daga abin da ke gabansa. Ƙauyen ana cikin gina shi, don haka lissafi ya zama awon fili da ƙirga katako, kimiyya ta zama nazarin ƙasa da duwatsun wurin, tarihi ya zama shiga wata tsohuwar bukkar gungume da ke cikin gonar ana gwada yadda kakanni suka yi saƙa da girki. Yara suka sassaƙa gogen gargajiyarsu, suka tattara waƙoƙin tsaunuka daga bakin tsofaffi. Akwai sashen renon ƙananan yara, abin da ba a saba gani a karkara ba. Akwai likita da ma'aikaciyar jinya. Iyaye mata su ke dafa abincin rana da kayan lambun da suka adana a kwalabe tun kaka. Da dare kuma manya su zo nasu darasin.

Kuɗin wannan duka ba daga aljihun gunduma suke fitowa ba. Eleanor tana zuba abin da take samu daga shirye-shiryenta na rediyo ta hannun 'yan Kwaka, attajiri Bernard Baruch yana ba da nasa. Da masu bayarwa suka fara ja da baya, wasu iyaye kuma suka damu cewa takardar makarantar ba ta da amincewar hukumar ilimi, sai aka miƙa ta ga gundumar Preston a 1936, ta koma kamar sauran makarantu.

Ƙungiyar masu sana'ar hannu ta Mountaineer ma abin a yaba ce. Tun a Scotts Run 'yan Kwaka suka fara koya wa leburori sassaƙa, suka ɗauko wani gwanin kujera, Bud Godlove, ya koya musu irin kujerar gidansu. Da ƙungiyar ta koma Arthurdale, ita ta ƙera kujeru da tebura da gadajen gidajen farko. Aka buɗe maƙera, mata suka kafa masaƙa. Kayan sun yi kyau ƙwarai, har yau masu tara kayan tarihi suna nemansu. Sai dai a shekarun da mutane ke neman abin sawa a baki, masu sayen kujerar hannu mai tsada ba su da yawa.

Inda gizo ke saƙar

Tun daga tushe, gonar eka 2 zuwa 5 ba a yi ta don ta kawo kuɗi ba. Da gangan aka ƙaranta ta, domin a daidai lokacin gwamnati tana biyan manyan manoma su rage noma saboda farashi ya tashi, ba ta son sababbin manoma su ƙara cika kasuwa. Ke nan rayuwar ƙauyen gaba ɗaya ta rataya a kan masana'anta. Masana'antar kuwa ba ta zauna ba.

Shirin farko shi ne gwamnati ta kafa wurin ƙera kayan katako na gidajen waya. Majalisar dokoki ta kashe shi a 1934. Ɗan majalisa Louis Ludlow na Indiyana, wanda akwai kamfanin da ke yin irin waɗannan kaya a mazaɓarsa, yana cikin na gaba wajen adawa, hujjarsu ita ce bai kamata gwamnati ta yi gogayya da 'yan kasuwa ba. Daga nan aka shiga lallashin kamfanoni masu zaman kansu. Aka gina musu rumfa, mai haɗa injin shara ya zo ya ɗan taɓa ya tafi. Mai ɗinka riguna ya zo ya tafi. Aka gwada haɗa tarakta, ita ma ba ta daɗe ba. Wurin yana nesa da manyan kasuwanni, kuɗin dako ya yi yawa, babu abin da zai riƙe ɗan kasuwa a kan wannan tudu in ban da alfarmar uwargidan shugaban ƙasa. Mazan ƙauyen da yawa, albashinsu na shekarun farko daga aikin gina ƙauyen kansa yake fitowa. Da gini ya ƙare, sai zaman jiran aikin agaji na gwamnati.

Ƙungiyar gama kai ta Arthurdale ta karɓi rance daga gwamnati ta buɗe kanti, da gidan mai, da shagon aski, da gonar kaji, da ta shanun madara, da masaukin baƙi. Kusan dukkansu asara suka yi ta yi. Ana iya ɗora laifin a kan rashin ƙwarewa, kuma akwai wannan. Amma ni ina ganin ciwon ya fi nan zurfi. Mai kiran gayya maƙwabtan da ya sani yake kira, waɗanda ya san gobe shi ma zai je tasu gonar, babu wanda ya rubuto masa daga ofis cewa ya yi. Mutanen Arthurdale kuwa an tsinto su ne ɗaya-ɗaya daga ƙauyuka daban-daban, aka kawo musu ƙungiya da tsarinta da manajanta da akantanta. Sunan mallaka nasu ne, yanke shawara na Washington. M. L. Wilson ya so kowane ƙauye ya riƙe ragamarsa ta hannun hukumar mutanen wurin, amma a 1934 Ickes ya mayar da iko duka hedikwata, Wilson ya bar kujerar. A 1935 aka mayar da ƙauyen ƙarƙashin sabuwar hukumar tsugunarwa ta Rexford Tugwell, a 1937 aka sake mayar da shi wata hukumar. Kowace da manufarta da takardunta.

Hatta gidajen, shekaru suka yi ta wucewa mutane suna biyan haya ba su san ranar da za su zama nasu ba, ba su san farashin da za a yanka musu ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Mutumin da bai tabbata gonar tasa ce ba, da wuya ya dasa itacen da sai bayan shekara goma zai ci 'ya'yansa. A hankali sai dogaro ya shiga. Marubutan tarihin Eleanor sun ruwaito cewa da motar makarantar ƙauyen ta lalace, garejin fadar shugaban ƙasa aka kai ta gyara, abin da ya tayar mata da hankali matuƙa. Ba na ganin laifin mutanen a nan. An nuna musu tun ranar farko cewa kowace matsala daga sama ake warware ta, suka ɗauki darasin.

Eleanor dai ba ta yar da su ba. Tana zuwa bikin yaye ɗalibai shekara bayan shekara, tana shiga rawar gargajiya a zauren taron ƙauyen, ta san yara da sunayensu. Ranar 27 ga Mayun 1938 ta kawo mijinta da kansa ya yi jawabin yaye ɗaliban sakandare. Ya amsa cewa an yi kurakurai domin aikin sabo ne, amma ya ce kuɗin da aka kashe a kan lafiya da ilimin mutane ba asara ba ne.

Lissafin ƙarshe na gwamnati

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo aikin da shiri bai kawo ba. Ramukan kwal suka sake buɗewa, samari suka shiga soja, rumfunan da suka zauna fanko suka sami masu ƙera kayan yaƙi. Majalisa ta matsa a rabu da ƙauyukan, aka fara sayar da gidajen ga mazaunansu da wasu, zuwa 1947 gwamnati ta zare hannunta gaba ɗaya. An kashe sama da dala miliyan 2 da rabi a kan iyalai 165, wato sama da dala 16,000 a kan kowane iyali, aka sayar da gidajen a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Masu cewa an yi asara ba ƙarya suka yi ba. Sai dai littafin akanta ba shi da gurbin rubuta yaron da bai mutu da zawo ba saboda ya sha ruwa mai tsabta, ko yarinyar da ta gama sakandare ta zama malama ko ma'aikaciyar jinya maimakon ta ƙare a bukkar kamfani. Waɗanda suka tashi a Arthurdale, da aka yi ta hira da su bayan sun tsufa, galibinsu da godiya suke tuna wurin, suna ambaton cin abinci har a ƙoshi, da ɗakin kwana mai ɗumi, da makaranta. Kurakuran wannan ƙauye kuma sun amfani na bayansa, irin su Tygart Valley da wani ƙauye mai suna Eleanor a cikin jihar, da Norvelt a Fensilbaniya, wanda aka haɗa sunansa daga ƙarshen sunayen Eleanor Roosevelt biyu. Ita kanta zuwanta Arthurdale na ƙarshe a 1960 ne, lokacin buɗe wani sabon coci.

Yau Arthurdale ƙaramin ƙauye ne a kan hanyar da ta ratsa Reedsville, tafiyar kusan kilomita 25 daga Morgantown, inda mazauna da yawa ke zuwa aiki a jami'a da asibitoci. Kusan dukkan gidajen 165 suna nan tsaye, da mutane a ciki, wasu jikokin mazaunan farko ne. Gine-ginen tsakiyar ƙauyen sun taɓa lalacewa, amma bayan bikin cika shekara 50 a 1984 mazauna suka kafa ƙungiyar Arthurdale Heritage a 1985, suka tara kuɗi, suka sayi zauren taro da maƙera da tsohon gidan mai, suka gyara da hannunsu, suka mayar da su gidan tarihi. Wannan karon babu wanda ya aiko musu da tsari daga Washington. Kowane watan Yuli suna yin bikin tunawa da kafuwar ƙauyen. 

Scotts Run bai sami irin wannan gata ba. Bayan yaƙi injuna suka maye gurbin leburori, mutane suka watse zuwa biranen arewa, babbar hanyar mota da aka gina a shekarun 1970 ta cinye wani yanki na kwarin. A Osage akwai ɗan ƙaramin gidan tarihi da 'ya'ya da jikokin masu haƙar kwal, baƙaƙe da farare, suke kula da shi, suna tattara hotuna da fitilun rami da labaran iyayensu.